Sufana Mai Lamba Goma Sha Uku

A Aboabo, bayan masallacin bakin lambatu,
akwai benci mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ne.
Shekara biyu na yi a kansa,
ni da Sulley da Awudu Dogo,
muna dafa shayi, muna rabon ƙasashen duniya:
wannan Italiya, wancan Katar,
ni kuwa ko'ina, in dai ba nan ba.
Takardar gama sakandarena tana ƙarƙashin katifa,
ta yi laushi kamar ganyen da aka ƙunshe wake da shinkafa.

Wata Talata Hajiya Lariba ta zo daga ofishin gunduma,
rajista a hammata, takalmi duk taɓo.
Ta ce gunduma ta haɗa kai da masu gareji,
da makarantar koyon sana'a, da Sarkin Zango:
kuɗin gwamnati, hannun 'yan gari.
Awudu ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.
"Zaɓe ya matso," in ji shi, "romon baka ne."
Ni dai na ba da sunana,
ba don na yarda ba.
Nauyin idonta na ji, ta san uwata.

Suame.
Wanda bai je ba bai san ƙarfe na da harshe ba.
Masta Boakye, gajere, yatsa guda babu,
Hausarsa "zo" ce da "kawo" da "kai, yaro!"
Tonancina kuwa na cinikin kasuwa ne,
sai muka koma yaren inji.
Ya ɗora tafina kan murfi mai ɗumi,
ya nuna kunnensa.
Mako shida ina jin hayaniya kawai,
ran nan na ji wani ƙas-ƙas a can ƙasa,
na nuna wurin.
Bai ce komai ba. Ya sayo mini ruwan sanyi.

Wata uku kuɗin mota bai fito ba.
Hajiya ta ce takarda tana Akra,
tana jiran wani da ke jiran wani.
Inna ta ƙara tukunyar koko ta biyu,
ta fara tashi kafin ladan.
Masta yakan zura mini sidi goma a aljihu
yana kallon wani wajen, kamar hannun ba nasa ba.

Da akwatin kayan aiki ya iso,
shuɗi, da hatimin gunduma a murfi,
an jera mu an ɗauki hoto, an yi tafi.
Na buɗe a gida: takwas, tara, goma,
sha ɗaya, sha biyu, sha huɗu.
Gurbin sha uku na kallona kamar giɓi,
ita da babu ranar da ba a nemanta.
Wani ya ci rabonsa a hanya.

Da safe na nuna wa Masta.
Ya ja tsaki, ya lalubi aljihun wandonsa,
ya miƙo tasa, baƙa, ta girme ni,
ta siɗe daidai inda babban yatsa ke zama.
Ba ta yi kama da 'yan uwanta ba.
Ita nake fara ɗauka.

Awudu ya tafi da damina.
Saƙonsa na ƙarshe daga Agadas ne,
iska ta fi muryarsa ƙarfi.
Ban goge ba.

Jiya trotro ta mutu da mu kafin Kejetia,
mata na ta faɗa, direba na rantsuwa.
Na sauka, na kasa kunne, na kwanta a ƙasa.
Da ta tashi, yaron mota ya mayar mini da kuɗina,
wata tsohuwa ta sa mini albarka da Tonanci,
na fahimci rabi, rabin ya ishe ni.

Da dare Inna ta riƙe hannuna a bakin akushi,
ta dubi baƙin man da sabulu ya kasa,
ta daɗe tana dubawa,
sannan ta tura mini naman wajena.

Talata mai zuwa Hajiya za ta dawo da rajista.
Sulley ya ce zai yi tunani.
Na ce masa ya yi da takalmi a ƙafa,
ƙarfe bakwai zan buga ƙofa.