Inci Huɗu

A wani rumbun alkama gabas da Yorkton,
inda dusar ƙanƙara kan tokare ƙofa wata biyar,
Orest Hrynchuk ya shimfiɗa zanen jirgi bisa benci,
shafi tamanin, daga hannun wani injiniya a Kansas.
Shekara uku yana bin layi kamar makaho da ɗan jagora:
an ce huda, ya huda,
an ce lanƙwasa, ya lanƙwasa.

Sai ranar da Halyna ta zo gwada kujera.
Tun bara likita ya sa mata ƙarfe a ƙugu.
Ta ɗaga ƙafa, ƙofa ta ƙi.
Ta sake, ƙofa ta ƙi.
Ta yi dariyar da ba ta kai ido ba,
ta ce, "Kai dai tashi abinka, ni na ɗaga maka hannu."

Daren nan barci bai san inda yake ba.
Da asuba ya ɗauki jan fensir,
ya ja layi inda mai zane bai ja ba.
Inci huɗu.

Ashe inci huɗu na da dangi.
Ƙofa ta buɗe, haƙarƙarin jirgi ya yi sanyi,
ya ƙara masa ƙarfe, ƙarfe ya zo da nauyi,
nauyi ya danne hanci,
batir ya yi ƙaura zuwa wutsiya,
waya ta gaza, ya tafi gari neman wata.
Zare ɗaya ya ja, riga duka ta motsa.

Ya rubuta wa mai zane. Amsa ta dawo gajera:
"Doka ba ta hana ka ba, ni ma ban hana ba.
Sai dai ka kankare sunana daga jikinsa.
Daga yau kai ne ubansa."
Ya karanta sau biyu a tsaye,
na ukun sai da ya zauna.

Sufeto ya zo da sikeli uku, ɗaya ƙarƙashin kowace taya,
ya leƙa, ya ƙwanƙwasa, ya yi lissafi a bayan ambulan.
Ya ce, "Kai kaɗai tukuna. Ban da fasinja."

Orest ya tambayi Halyna nauyinta.
Ta harare shi,
ta shiga rumbu ta cika buhu da hannunta,
ta ɗinke bakinsa, ba ta ce uffan ba.
Bazara guda yana yawo da buhun alkama a sama,
ɗaure da bel, shiru kamar baƙuwa.

Ranar girbi ya sauke buhun.
Halyna ta ɗaga ƙafa, ƙofa ta karɓa.
Gonaki suka koma ƙanana, rawaya da ruwan ƙasa,
ga rufin cocin da aka ɗaura musu aure.
Ta daɗe tana kallo.
Can ta taɓa kafaɗarsa, ta ɗaga murya bisa ƙarar farfela:
"Orest, ƙofar nan taka iska take shigarwa."