Shiru Iri Biyu

Ƙarfe biyun dare a Hsinchu,
iska na dukan taga kamar mai bin bashi.
Tseng Wan-ju ta ɗora kwamfuta kan amalanken ofis,
tana turawa cikin dogon baranda,
tana nisa da akwatin da ke ƙifta koren ido a bango.

A bakin ƙofa saƙo na sheƙa gudu, hamsin da huɗu.
Taku goma, arba'in da takwas.
Bayan bangon kankare, ashirin da huɗu,
yana ɗingishi, amma yana isa.

Dokar da aka gada gajera ce:
an amsa maka sau goma, ƙara mai;
an yi shiru sau biyu, ja birki.

Sai tsoho Kuo mai gadi
ya kunna na'urar ɗumama abinci,
ya sa taliyar shinkafarsa ta jiya.
Matasa uku a ɗakin gwaji suka buɗe wayoyi.
Lamba ta faɗo,
goma sha biyu,
shida,
alhali amalanke bai motsa ba.

Akwatin ya zaci an yi masa nisa,
ya shiga jan magana kamar mai yi wa kurma bayani.
Kowane saƙo ya daɗe a iska,
ya tare hanya, aka yi ta karo.
An ce sauri ya haifi nawa;
daren nan nawa ce ta haifi 'yar'uwarta.

Ta zauna a ƙasa, ta cire takalmi,
ta rubuta a bayan rasit:
shiru iri biyu ne.
Akwai na wanda muryarka ba ta kai masa ba,
akwai na baki biyu da suka buɗe lokaci guda.
Kafin ka sassauta, yi 'yar sallama,
ka ji ko an ba ka fili.

Kafin asuba ta koya wa akwatin sallama.
Lamba ta hau, ta tsaya da ƙafarta.

Kuo ya miƙo mata rabin kwano.
Tana ci tana duba waya:
sunan ƙanenta na Hualien.
Sau biyu ta kira a bazara, ba a ɗaga ba,
tun daga nan ta koma sau ɗaya a wata.

Taliya ta huce.
Babban yatsanta na bisa sunan.