Riga Mai Lamba Sittin da Takwas

Ni ban ga wasan ba, gaskiya ɗaya ce.
Ina can ƙarƙashin benen 'yan kallo,
inda injinan wanki uku ke gurnani,
na huɗun ya mutu tun Satumba.
Shekara sha tara ina wankin yaran Marlow Gap,
kowa na san shi da irin dattinsa:
wannan jini a kafaɗa, wancan ciyawa a gwiwa,
Virgil Stasko kuwa taɓo ne har wuya,
don aikinsa ke nan, ya faɗi a danne shi,
ya tashi a sake dannewa.

Ashcombe suka iso da manyan motoci shida,
da 'yan badujala masu geza a hula.
Wasa tara, babu wanda ya ga bayansu.
Mu ma taran ne, amma wa ya ƙirga namu?
Jarida ta ce namu sa'a ne, nasu gado.
Mu 'ya'yan masu haƙar kwal,
shekara sha ɗaya suna cin mu kamar tuwon safe.

Dusar ƙanƙara ta sauko da azahar.
Rediyona mai tsagaggen baki yana kan kanta,
yana tari, yana faɗin maki:
sha bakwai gare su, sha uku gare mu,
saura minti guda da 'yan kai,
ƙwallo kuma a hannunsu.
Na ji takun masu fita a saman kaina,
masu gudun cunkoso, masu gudun takaici.
Na ninke tawul. Na ɗauki wani.

Sai rufin ya yi shiru.
Irin shirun da ramin kwal ke yi
kafin mata su fito ƙofar gida.

Daga nan ƙura ta zubo daga siminti
cikin kofin shayina.
Mai rediyo ya manta sana'arsa,
suna ɗaya yake ta kira kamar mai neman ɗansa:
Stasko! Stasko! Ya Ubangiji, Stasko ne!

An ce ƙwallon ta suɓuce wa gwaninsu,
jiƙaƙƙiya, ta yi tsalle irin na kaza,
ta faɗa cikin yaron da bai taɓa riƙe ta ba
shekara huɗu cur.
An ce ya tsaya ya dube ta tukuna.
An ce ya ruga kamar firiji a kan gangara,
yadi arba'in da ɗaya,
mutum biyu rataye a ƙugunsa,
takalmi ɗaya ya bari a hanya.
An ce, an ce.
Ni dai abin da na gani
tawul ne a bakina, ina cizo.

Ashirin da sha bakwai.
Hakin da suka raina, har yau idon bai washe ba.

Da dare ya yi, garin na ta ƙaho,
an tumɓuke turakun fili an kai su kogi,
sai ga shi a ƙofata, ƙafa guda da safa,
hular kwano a hammata, hanci na yoyo.
Ya ce, Miss Odessa, kar ki wanke wannan.
Na ce, ɗana, Litinin akwai atisaye,
kuma kwaleji ba ta da wata mai faɗinka.

Na wanke ta. Sau biyu ma.
Taɓon ya fita, jinin ya fita,
sai wani tabo a daidai haƙarƙari,
inda ya matse ƙwallon,
ya ƙi sabulu, ya ƙi ruwan zafi.

Yanzu Virgil motar 'yan makaranta yake ja,
gwiwoyinsa sun gama aiki.
Ranar Laraba yakan wuce ta layinmu,
ya danna ƙaho sau biyu.
Mutum dubu takwas filin ke ɗauka,
amma na haɗu da dubu talatin
da suka rantse suna wurin.
Ni kaɗai ce a garin nan
ke cewa ban gani ba.