Ƙeyar Tifa

A Gdańsk, cikin Disamba, rana ba ta da alƙawari.
Kusan takwas take leƙowa, in ta ga dama,
kafin huɗu ta naɗe tabarmarta.
Mu kuwa tun shida muna cikin taɓo,
hazon teku ya shanye rabin ƙugiyoyin tasha,
numfashin kowa na tashi kamar an kunna shi.

Ni ne Wiesław, mai tifa ta uku.
Shekara ashirin da biyu ina sama da kawunan mutane,
gabana fili ne har bakin ruwa,
bayana kuma wani gari ne da ban taɓa zuwa ba.
Mutum shida za su tsaya a can su sha shayi
ban san an dafa ba.

Bogumiła ta zo ran Talata da allon takardunta,
hancinta ja, safarta ta jiƙe.
Ba ta gaisuwa da mutum sai ta gaisa da madubi.
Ta shafa shi da yatsa, ta nuna min yatsan.
Ta ce in sa ribas, ta kasa kunne.
Ƙarar gargaɗin nan da ke hana unguwa barci
ta yi tari sau biyu, ta mutu.
Ta rubuta.
Fitilar saman kai ta juyo da ruwan lemonta, wannan ta wuce.
Idon kyamarar baya ya makance da laka.
Ta rubuta.
Ta ce: hanyar ƙafa daban, hanyar taya daban,
kuma kada ƙarfen nan ya ja baya ko taku ɗaya
sai da mai ba da hannu a inda kake ganinsa.

Da ta fita, Kulesza ya tofar da yawu.
Ya ce siminti ba ya jiran takarda,
ya ce wanda kwanansa ya ƙare
ko a gadon uwarsa ne sai ya tafi.
Na yi dariya tare da su. Ba zan ɓoye ba.

Alhamis, huɗu saura.
Czesiek mai ba da hannu ya zaga bayan gida.
Kulesza na buga min ƙofa da tafin hannu:
ja baya, mita biyar ce kawai, ja!
Hannuna ya riga ya kai kan giya.
Ban san me ya riƙe ƙafata ba.
Wataƙila yatsan nan ne mai baƙin datti.
Na ja birki, na sauko, ina zagin kowa,
na bi gefen motar ina ƙirga tayoyi.

Remek na can.
Wata uku da fara aiki, gemu bai ma yanke shawara ba.
A tsugune, yana ɗaure igiyar takalmi,
waya ta toshe masa kunnuwa biyu,
rigarsa mai ƙyalli ta sha siminti har ta koma kalar ƙasa.
Tsakanin wuyansa da tayata
bai kai tsawon shebur ba.
Ya ɗago ya ce, lafiya?

Ido, wa ka raina?
Wanda kake gani kullum.
To wanda ba ka gani fa?

Babu fom ɗin da ake cikawa don abin da bai faru ba.
Ba a kira kowa ba. Ba a ɗaga hula ba.
Kulesza ya rage min rabin awa.
Uwar Remek ta zuba miya a kwano biyu daren nan
ba ta san da ni a duniya ba.

Yanzu akwai tsumma a aljihuna na hagu,
tsohuwar singiletin jikana.
Madubi huɗu, kyamara ɗaya, fitila, ƙara.
Suna min tsiya wai na zama mai wankin ido.
Ranar Juma'a na saya wa yaron sabuwar riga.
Kafin Litinin ya sake ɓata ta.