Ɗaga Hannu In Ka Ji

Shekara ashirin da shida ina gaban inji
a Garkawa, bayan masu saida albasa.
Hatsi ya shiga, gari ya fito,
ni ma in fito fari fat kamar an zazzage ni daga buhu.
Ƙarar ta zame mini maƙwabciya,
in an ɗauke wuta har kewarta nake yi.

Na ce mutanen Tawa sun koyi magana ƙasa-ƙasa.
Liman ya rage murya. Rediyona ta tsufa.
Tsahara cikin hanci take mini zance
don ta ja ni faɗa.
Kowa na ɗora wa laifi, ban da kunnena.

Ran Talata ba don kaina na je gidan likita ba.
Ɗiyata Balkisa na ɗauko bisa moto, da goyonta,
Sa'adu, kwana ashirin da ɗaya a duniya.
Shawara ta taɓa shi, ido ya yi rawaya kamar kurkum,
aka ce ko ta wuce a dawo a auna kunne,
tana barin ɓarna inda ido ba ya kaiwa.

Bisa benci muka iske wasu.
Yarinyar da sanƙarau ya saki bara
amma ya tafi da sunanta, ana kira ba ta waiwaye.
Ɗan lakkol da kunnensa ke ruwa tun yaye,
an ɗura man gyaɗa, an ɗura ruwan albasa,
mushe ya ce taurin kai ne, ya mai da shi bayan aji.
Da wani direba, allurai sun kore masa tari
sun bar masa kukan gyare dare da rana.

Sa'adu na barci aka sa masa
ɗan abu kamar ƙwayar wake a kunne.
Bai motsa ba. Gabana ya faɗi.
Madam Sahura ta ce, kwantar da hankali,
na'ura ce ke sallama a ƙofa,
kunne mai lafiya kan amsa ko mai shi na barci.
Na dama ya amsa. Na hagu ya amsa.
Balkisa ta share ido da bakin zane.

Na juya zan je in tada moto
sai aka dafa kafaɗata.
"Baba Nomau, sau uku ina kiran ka."

Ɗan ɗaki ne, bangonsa taushi kamar katifa.
Ta kifa mini ƙoƙuna biyu a kunne,
ta ce, in ka ji ƙara, ɗaga hannu.
Na ji mai kauri, kamar ganga daga nesa. Na ɗaga.
Na ji wata. Na ɗaga, har da murmushi.
Sannan na zauna ina jiran ta ci gaba,
hannu bisa gwiwa,
ina hangen ta ta gilashi tana dannawa, tana dannawa,
ina cewa a raina, yaran yanzu akwai nawa.

Layin da ke takardar ya taho sambal
sai ya gangara kamar hanyar tabkin Babaye.
Ta ce, nan siraran sautuka ke zama,
kukan tsuntsu, sa da sha na bakin mutane,
da muryar jikanka ran da zai fara kiran ka.
Abin da inji ya niƙe ba ya komawa tsaba,
amma ragowar a tsare ta.

Ni da na ɗauka tsuntsayen dogon-yaron gidanmu
ƙaura suka yi.

Da dare na zauna gaban Tsahara, kusa,
inda fitila ke haska leɓenta,
na ce ta maimaita duk abin da ta faɗa tun shekara biyar.
Ta ce ba ta da wannan lokacin. Ta ƙara mini miya.

Na sayi matoshin kunne a farmasi, ƙafa biyu,
ɗaya tawa, ɗaya ta Atto mai ɗora mini buhu,
shekararsa sha biyar.
Kafin in ja igiyar inji na miƙa masa,
na ce, sa wannan.
Ya karkato kai ya ce, "Mi ka ce, Baba?"