Littafin Baƙi

Ɗakuna biyu ne a bayan gidana a Tumfure.
Tun da Sa'adu ya kwashe iyalinsa zuwa Fatakwal
ba mai shigarsu sai gizo-gizo,
sai ni, ranar Asabar, da tsintsiya.
Fansho kuwa kamar famfon unguwarmu:
ka ji gurnaninsa, ka tara bokiti, shiru.

Sai na sa katifa, na rataya labule,
fanka mai sola, buta biyu, darduma.
Kwana ɗaya, kwana uku, mako, ka biya ka kwana.
Masu jinya daga asibitin koyarwa,
dillalan wake na Tudun Hatsi,
da wani injiniya mai sammakon Dadin Kowa
da ke dawo mini da laka har bakin gado.

Ran wata Talata yaro ya yi sallama, jaka a hammata.
Ɗanladi Molta, in ji katin wuyansa.
Ya gaishe ni har ƙasa, sannan ya ce:
Mama, wannan ya wuce alfarma, sana'a ce,
sana'a kuwa sai da rajista.

Na je. Hawa biyu, gwiwata na ƙirga matakala.
Suka ce takardar gida. Na miƙa.
Suka ce sunan marigayi ne a kai.
Na ce shekara talatin da ɗaya nake share tsakar gidan nan.
Suka ce, Mama, tsintsiya ba ta sa hannu.
Sai da na tono takardar rabon gado daga ƙasan akwati,
hoto huɗu, mai hoton na cewa in saki fuska,
lambar haraji, rasit, da rasit na rasit,
da jar tukunyar kashe gobara
da ke tsaye yanzu kusa da randa
kamar baƙuwar da ba ta jin Hausa.
Zuwa biyar. A na shida hatimi ya sauka.
Kuɗin keke kaɗai ya ci rabin buhun gero.

Amma ba kuɗin ne ya tsaya mini a wuya ba.
Littafi ne, baƙin bango, mai layi-layi:
suna, gari, lambar katin ɗan ƙasa,
lambar wani naka ko da ta kwana.
Mu da muka tashi ana ce mana
baƙo, ba shi ruwa tukuna, labari ya biyo baya,
yau biro ke riga moɗa zuwa hannunsa.

Malam Bappayo na Bajoga ya faɗa mini a ido:
Hajiya, kwana na zo yi ko belin wani?
Ya rubuta dai, yana tsaki,
lambar 'yarsa a layin ƙarshe, bakwai ɗinsa kamar lauje.

Kwana na biyu ban ji ƙarar butarsa ba.
Aka idar da salla, gari ya waye, kaji suka fito.
Na buga, na buga, na sa kafaɗa.
Yana ƙasa, bakinsa ya koma gefe guda,
ido na magana, harshe ya ƙi.
Ban san kowa nasa ba a duniya.
Sai littafin.
Hannuna na rawa na danna laujen nan da 'yan'uwansa,
wata murya ta ce, wa ke magana?
Kafin azahar Ummati na riƙe da kansa a asibiti.

Ban ce na yafe musu matakalar ba.
Baɗi ma, an ce, sai na sabunta.
Abin da na yi kawai, na sayi faranti babba:
ruwa a dama, littafi a hagu.
Ka sha, ka numfasa, sannan ka rubuta.

Takardar na bango cikin gilashi.
Hurara suka buga, ni kuwa Hurera ce.
Na bar musu.