Leɓen Riga

Leɓen riga ne ya fara gaya mini.
Sau uku ina farke ɗinkin Sallar Ramlatu,
sau uku gefen dama na sauka ya bar na hagu.
Na zargi almakashi, na zargi idona,
na zargi mai atamfa a babbar kasuwar Garwa.
Sai da ta sunkuya ɗauko allurar da ta faɗi
na ga tudu a gefen bayanta,
kamar an ɓoye dunƙulen hannu ƙarƙashin fata.

Likita ya ɗaga hoton ƙashi wajen hasken taga.
Ga bayan 'yata yana tafiya irin ta Binuwai da rani,
ya kauce nan, ya dawo can.
Ya ce ba ɗaukar tulu ba ne, ba kuma hannun kowa.
Na sauke ajiyar zuciya,
don har na fara ƙirga maƙiya da yatsu.

Ba mu gama biyan kuɗin rigar roba ba
Baba ya faɗi a bakin randa, tsakiyar alwalar La'asar,
buta na mirgina, ruwa na neman hanya.
Baba Tanimu magini,
wanda in katanga ta karkace da faɗin yatsa
sai an rushe ta, ko ta liman ce.
Yanzu bakinsa ya gudu gefe.
Hannunsa na dama yana kwance a cinyarsa
kamar baƙon da bai san kowa a gidan ba.

Kalma ɗaya ciwon ya bar masa: to.
Da ita yake neman ruwa,
da ita yake ƙin kunun gyaɗa in ya huce,
da ita yake amsa gaisuwar mijina ta waya
daga motar auduga a hanyar Ngaundare.

Watan huɗu, rana kamar bakin maƙera.
Awa ashirin a yini aka ce ta sa robar.
Ƙuraje suka feso mata har hammata.
A makaranta yara na ƙwanƙwasa bayanta,
suna cewa, kunkuru, akwai mutane a ciki?
Ranar Talata ta dawo, ta tuɓe,
ta cusa ta bayan buhun dawa.
Ni ban gani ba. Baba ya gani.

To, ya ce. To! To!
Ya nuna buhu, ya nuna ƙafarsa da ta mutu,
ya ɗaga yatsa ɗaya.
Ita ta fahimta kafin ni.
Taku ɗaya, awa ɗaya:
cinikin da suka ƙulla ke nan, babu shaida sai akuya.

Ran farko taku biyu ya yi, ya jiƙe da gumi.
Ta ce Kaka, ka rage mini farashi da yawa.
Ya yi dariya da rabin fuska.
Akwai ranar da bai tashi ba sam,
ya juya wa bango, ya ƙi ko da to ɗin.
Ta sa rigar duk da haka, ta ce bashi ne,
ta rubuta da gawayi a jikin katangar da ya gina.

Jiya da yamma na ɗago daga kan keke.
Suna tafe daga zaure zuwa gindin dalbejiya,
ita ta karkata hagu, shi ya karkata dama,
kafaɗa ta tokare kafaɗa.
Tana ƙirgawa da ƙarfi: sha ɗaya, sha biyu.

Likita ya ce sai bayan wata shida a sake hoto,
ko a yi aiki, ko a jira.
Ban sani ba.
Rigar Sallah dai na gama ta.
Na ƙara yatsa biyu a gefen hagu,
in ta tsaya, leɓen yana daidai.